Abin da Na Kasa Faɗa Miki a Madafa

Gangare, Jos.

Zuwa ga 'Yar Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya sauke ku Gusau lami lafiya, ke da mijinki Malam Isa da 'yarki takwarata, ya tsare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin baƙon wuri, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki. Amin.

Na cusa takardar cikin kwallar da na zuba miki daddawa da kuka, don na san ita za ki fara buɗewa in kun sauka, na kuma san mijinki ba zai tura hannu cikin daddawa ba ko da hukumar reluwe da yake wa aiki ce ta aiko masa da ƙarin girma a ciki. Ki karanta ke kaɗai. Rubutun nawa ne, ba sai an faɗa miki ba, kin san shi da karkacewa. Ban kai wa masu rubuta wasiƙa na bakin gidan waya ba, domin abin da ke ciki ba na kunnen namiji ba ne. Yau dai zaman da na yi a ajin yaƙi da jahilci, da girmana ana koya mini baƙi da wasali, ya yi rana.

Labari babu wanda zan ba ki, tunda gida ɗaya muka yi azumi muka yi salla. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Jinin da kike zubarwa ya wuce na al'ada. Ina so ki je asibiti mata su duba ki da zarar kun sauka, sannan ki mai da zuwan nan abin kowace shekara, ko da kina jin kanki garau. Sauran abin da za ki karanta duk hujja ce, don na san halinki, na ubanki ne, ba a juya ku sai da dalili.

Za ki ce wa ya faɗa mini. Babu wanda ya faɗa mini. Tun da mijinki ya yi gaba neman muku masauki kika dawo gida, idona yana kanki, ko da yake ba ki taɓa kama ni ina kallonki ba. Na ga tabarmar sallarki a naɗe jikin bango har gizo-gizo ya fara yi mata saƙa. Bayan salla matan gidan nan kowace ta gama ramuwarta, ke kuwa har aka ɗaure kayanku ba ki gama rama naki azumin ba. Na ga tsummokin da kike shanyawa a ƙarƙashin zani a igiyar bayan ɗaki. Wannan dabara ni ma na yi ta, a kan igiyar nan ɗin. Na ga tafin hannunki ya yi fari, kuma in kin hawo daga famfo da bokiti sai kin dafa bango kin huta, ke da kike hawan gangaren nan a guje kina yarinya.

Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙanƙara, mu biyu kaɗai muka rage a madafa. Tun safe na shirya maganar a raina, na san ta inda zan fara da inda zan tsaya. Na buɗe baki, kika ɗago kai, sai na ji kaina na ce, "Miƙo mini ludayi." Kika miƙo, kika ci gaba da yankan kuɓewarki. Ludayi kuwa da ma akwai wani a hannuna.

Kin san dalili. Ke ce 'yar fari, mu kuma a gidanmu, tun can rugar kakanninki, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi a idon mutane. Ana yaye ki aka miƙa wa Goggo, yayar mahaifinki, ta raine ki a ɗakin da ke kallon nawa. Kika tashi kina ce mini Yaya, ina ce miki 'Yar Goggo. In kin faɗi kin fasa gwiwa sai in kau da kai, in jira wata ta ɗaga ki, zuciyata kuwa kamar ta fito. Ban ce al'adar banza ba ce, ta koya mana kawaici. Amma ba a yi ta don ta ci rai ba. Tunda baki ya ƙi, bari hannu ya faɗa. Zan gaya miki yadda na bi da nawa jikin, don ki san inda ramukan suke.

Shekarar da sojoji suka dawo daga yaƙin Bama, bayan na yaye Auta, al'adata ta rikice. Ta zo ta ƙi tafiya, in ta ɗauke kwana kaɗan sai ta dawo. Abin da ya dame ni a lokacin ba jinin ba ne, salla ce. Na ƙulla goro a bakin mayafi na tafi wurin matar liman, mace mai karatu, na tambaye ta hukunci. Ta warware mini tsaf. Ta ce in jini ya wuce iyakar kwanakinsa ya zama jinin ciwo, in yi wanka in yi sallata in yi azumina. Na dawo gida ina murna kamar an ba ni magani. Baiwar Allah da bakinta ta ce jinin ciwo ne, ni kuwa kunnena bai ɗauki komai ba sai ki yi salla. Ba laifinta, abin da na tambaya shi ta amsa.

Ke ma ki nemi wannan hukunci, don ina ganin sallar da kike bari da ramuwar da kika ɗora wa kanki sun fi abin da ake binki. Amma in kin fito daga wurin malama kada ki nufi gida. Malama ta san lokacin da za ki yi wanka, ba ta san abin da ke zubar da jinin ba.

Haka na zauna, ina salla ina zubar da jini, har jiri ya fara ɗibata a bakin murhu. Wata rana mahaifinki ya ga na zauna daɓas a tsakar gida da tukunya a hannu, ya tambaye ni lafiya. Na sunkuyar da kai na ce ciwon ciki ne. Malam mutum ne mai tausayi da gaggawa. Nan take ya saɓa babbar riga ya tafi wurin disfensa, ya ce iyalinsa na ciwon ciki. Disfensa ya tambaye shi wane irin ciwo, ya ce irin na ciki dai. Aka ba shi maganin tsutsa. Na karɓa da hannu biyu na shanye, don in na ƙi sha sai in faɗi gaskiya. Ranar na wuni ina zarya tsakanin ɗaki da bayan gida, ga jini ga gudawa, Malam kuwa yana zaure yana ba abokansa labarin ƙarfin maganin Turawa.

Yanzu in na tuna dariya nake yi, amma ranar ban yi ba. Kada ki aiki namiji asibiti a madadinki, ko da ya fi kowa sonki. Ki je da ƙafarki. In an tambaye ki, kada ki ce ciki alhali mara kike nufi, kada ki ce ba ki jin daɗi alhali jini kike nufi. Ki faɗi wurin da sunansa, ki faɗi tun yaushe, ki faɗi ko da gudaji ko babu, ko da wari ko babu, ko yana zuwa bayan kin kwana da mijinki. Mai magani ba boka ba ne, abin da kika faɗa shi zai bi.

Da maganin tsutsa bai yi ba, sai Goggo ta dube ni da kyau ta gane. Ta ce gishiri ne. Kin san abin da ake nufi, yankan nan da tsofaffi ke yi wa mace a gaba da aska, wai a zubar da mugun jini. Na yarda, har an sa rana, har an sayo sabuwar reza. Na kawo wannan ne don na ji abin da ta ce miki ranar da ake ɗaure kaya. Bangon ɗakin nan ba kauri gare shi ba. Na ji ta ce in kun sauka Gusau ki nemi tsohuwa mai hannu ta cire miki gishiri, na kuma ga ƙullin sassaƙen da ta tura miki cikin akwati. A nan na san ita kin faɗa mata. Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma wa za ki faɗa wa in ba wadda ta goya ki ba?

Goggo uwarki ce, don ƙauna ta faɗa, kuma abin da ta taras ke nan. Ki gode mata, ki yi mata aike, ki riƙa gaishe ta kafin ki gaishe ni. Amma kada ki bari reza ta kusanci jikinki. Mace mai zubar da jini ba a ƙara mata wata ƙofar. A asibiti na kwana ɗaki ɗaya da wata yarinya da aka yi wa wannan yanka, hannu ya zarce, fitsari ya daina tsaya mata. Har na baro ta tana kwance a kan roba, ba ta yarda ta haɗa ido da kowa.

Abin da ya raba ni da rezar nan Iya Risi ce. Kin tuna ta, Bayerabiyar nan mai sayar da atamfa da ta yi haya a gidan da ke jikin namu. Farkon zuwanta, kamar yadda suke yi, ta laƙaba mini uwar wance, da sunanki, tana kwaɗa mini kira ta kan katanga. Na yi kamar ban ji ba har ta gaji. Da aka fahimtar da ita sai ta yi ta dariya, ta ce mu Hausawa da Filani mun iya wahalar da kanmu, ta koma kirana da sunan ƙaninki. Ana gobe za a yi yankan ta shigo aron turmi, ta taras da ni kwance da rana tsaka. Ta ja fatar idona ƙasa da yatsa ta leƙa, ba ko neman izini.

Ta ce, "Mama Sani, ka tashi. Jini naka ya ƙare. Ka ɗauki mayafi naka mu tafi asibiti."

Na ce Malam ba ya nan. Ta fita da kanta har kasuwar shanu ta nemo shi, ta faɗa masa a gaban dillalai abin da ni na kasa faɗa masa a ɗaki. Malam ya dawo gida fuskarsa kamar an watsa masa ruwan zafi, bai dube ni ba ya ce in bi ta.

Bari in gaya miki abin da ake yi a can, don rabin tsoron rashin sani ne. Ɓangaren mata daban yake. Za ki zauna a benci da wasu mata, masu ciki da masu goyo, kowace tana harkar gabanta. Za a ɗora ki a sikeli, a ba ki kwalba ki yi fitsari a ciki, a duba idonki da harshenki. Sannan a shigar da ke bayan labule, ki hau wani gado mai tsawo. Ni wadda ta karɓe ni wata nas ce 'yar Birom, sunanta Ladi, ita ce kuma mai yi wa Sista Baturiya tafinta. Da ta ce in kwance zani, sai na ƙara ɗaure shi, na riƙe da hannu biyu. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ce, "Mama, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu uku ne a nan, duk mata." Na saki.

Za su wanke hannu su sa safar roba, su danna miki mara ta sama, su taɓa ta ciki. Akwai wani ƙarfe mai kama da bakin agwagwa da suke sawa don su ga bakin mahaifa. Ba ya yanka, ba ya huda, sanyi ne da shi kawai. A sanyin Jos kuwa na ji shi har tsakiyar kaina, sai da na yi salati. Daga baya na koyi cewa a tsoma mini shi a ruwan ɗumi tukuna, kuma ba su taɓa ƙi ba. Ke da za ki ƙasar zafi wataƙila ma daɗinsa za ki ji. Ki saki jikinki, ki yi numfashi ta baki, ki kalli rufi ki yi ta istigfari. Kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

Abin da suka gani a jikina ɗan tsiro ne a bakin mahaifa, bai fi ƙwayar wake ba. Suka cire shi, suka nuna mini a faranti. Na dube shi na ce ashe wannan ɗan abin ne ya hana ni sukuni, ya sa na sha maganin tsutsa. Aka ba ni ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce in riƙa cin hanta da ganye. Kafin wata ya zagayo na miƙe sarai. Da zan tafi Sista ta yi magana, Ladi ta juya mini. Ta ce in riƙa dawowa shekara shekara a duba ni, ko ina ciwo ko ba na ciwo, domin abubuwan mahaifa da na nono da yawa ba su fara ciwo sai sun girma.

Shekarar farko na koma. Suka duba suka ce lafiya lau. Wannan lafiya lau ɗin ita ta cuce ni. Da na dawo, matan bakin famfo suka sa ni gaba, wai na je neman ciwo ban samu ba, in sake komawa baɗi ko Allah zai sa a dace. Wata ta ce ita ba ta taɓa jin mai lafiya ya kai kansa gidan marasa lafiya ba sai ni. Na yi dariya tare da su, amma maganar ta zauna mini. Iya Risi kuma a shekarar ta kwashe kayanta ta koma garinsu, babu mai leƙo katanga ta ce ka tashi. Shekara ta zagayo na ce sai an gama damina. Aka gama damina na ce sai sanyi ya wuce. A haka shekaru suka shige.

Sai marata ta fara tasowa. Na ɗauka ciki ne, na yi murna a raina, don tun Auta ban sake ba. Jini na zuwa, na ce ai akwai masu yin haka da ciki. Har na yanka tsohon zani na fara ɗinka 'yan riguna a ɓoye. Wata ya bi wata ban ji motsi ba, sai nauyi da yawan fitsari, ga jirin nan ya dawo. Da na kai kaina, Ladi tana nan, ta gane ni. Ta ɗora hannu a marata, ta danna ta ko'ina. Ba ɗa ba ne, ƙari ne, ya kai girman gwanda. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Mama, da kina zuwa, da tun yana ƙarami muka ji shi a hannu."

Wannan karon abin ya fi ƙarfin bayan labule. Aka kai ni ɗakin tiyata, likita namiji, masu taimaka masa maza. Ni da na ji nauyin kwance wa mata biyu zani sau ɗaya a shekara, sai ga ni an shimfiɗe a gaban maza, babu zanin ma gaba ɗaya. Suka cire ƙarin, suka haɗa da mahaifar, don sun ce ba za a iya barinta ba. Na farka da ɗinki daga cibiya zuwa ƙasa. Na yi kuka, ba don zafin ɗinkin ba, don 'yan rigunan nan da na bari a ƙarƙashin katifa. Lokacin kina amarya, aka ce miki Yaya na ciwon ciki. Kika zo da kunu a kwano, kika tsaya daga bakin ƙofa kika ce sannu, na ce da sauƙi. Iyakar abin da kika sani ke nan har yau.

Ban ce zuwa asibiti yana hana ƙaddara ba. Abin da Allah ya rubuta sai ya faru, kuma ko da na je, wataƙila da sai an yi aikin. Amma da an yi shi ina da jini a jika, ba sai da na zama kamar tsumma ba. Ban kuma ce abin da ya same ni shi ke damunki ba, kada ki karanta wannan ki hana kanki barci. Mai yiwuwa naki ɗan ƙwayar waken nan ne, ko abin da bai kai shi ba. Ni ban sani ba, Goggo ba ta sani ba, ke ma ba ki sani ba. Shi ya sa nake so a duba.

Tun daga aikin nan ban sake fashi ba. Kowace shekara bayan ƙaramar salla, ranar da nake ce muku zan je Dilimi gaisuwar dangi, asibiti nake fara biyawa. Bana ma na je, kina tsakar gida kina yi wa takwarata kitso na wuce ki. Mahaifa babu, amma sauran jikin nawa ne, ana duba nono, a duba jini, a duba fitsari. Na zaɓi bayan salla ne don ba a manta salla, ga sabon zani ga lalle, mutum ya je da kyan gani. Ke ma ki ɗaure naki zuwan a jikin salla. In kika ce sai kin samu sarari, mace ba ta samun sarari. Ki je lokacin da kike da tsarki, ki yi wanka da ruwa zalla, kada ki yi matsi ko ki cusa wani magani kafin ki je, don yana rufe musu abin da suke nema. Tsakanin shekara da shekara kuma, in kina wanka ki riƙa shafa nononki da hammatarki. In kin ji wani ƙullutu da ba ki san shi ba, kada ki jira salla.

Wannan na shekara shekara ke nan. Na yanzu kuwa ba zai jira komai ba, ko jinin bai ɗauke ba ki je. Kada ki ce sai kin gama jeren kwanoni, kwano ba ya gudu. Ki tambayi matan ma'aikatan reluwe da za ki taras a barikin, su nuna miki asibiti da ranar da ake ganin mata. Ki samu guda a cikinsu mai baki irin na Iya Risi ki riƙe ta, ko wace ƙabila ce, ko wane addini take yi. In kin je ba ki sami mace ba sai likita namiji, ki ce nas ta tsaya tare da ke, ki bari ya duba. Lalura ce, na tambayi matar liman, wannan karon na san abin da zan tambaya.

Malam Isa kuma ki faɗa masa da bakinki. Na so in rage miki aiki, na ce wa mahaifinki ya yi masa magana. Ya kira shi zaure, suka daɗe, ina jin tashin muryoyi ina cewa alhamdu lillahi. Da ya shigo na tambaye shi me ya ce masa. Ya ce ya gaya masa a riƙa kula da iyali, sannan suka shiga zancen farashin shanu. To kin ji. Ki bari ya ci abinci ya sha ruwa, ki zauna ki ce masa jini kike zubarwa fiye da ƙa'ida, kina so ya ba ki izini ki je asibiti, kuma kina so izinin ya zama na kowace shekara. Akawu ne, ya san amfanin duba abu kafin ya lalace. A wurin aikinsu ma ba a jira jirgi ya faɗi kafin a duba ƙafafunsa.

In kin je, ki rubuto mini. Ba na son dogon bayani in kina jin nauyi, ki rubuta "Yaya, na je" ya ishe ni. In kuwa suka ce akwai abin da za a yi, ki faɗa mini shi da sunansa, kada ki ce da sauƙi. Ni na koya miki wannan da sauƙin, yau na karɓe abina.

In babbar salla ta zo ban ga takardarki ba, to ki saurare ni. Zan hau jirgi in zo Gusau. Na san uwa ba ta taka gidan 'yar fari haka kawai, na san abin da Goggo za ta ce da abin da matan bakin famfo za su ce, na riga na ji irinsa ban mutu ba. Zan tsaya a ƙofar gidanki in kira ki da sunanki na yanka, duk bariki su ji, in kama hannunki mu tafi.

A ajinmu, da muka fara iya haɗa baƙi, malama ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta a allo. Na fara daga Sani na gangaro har Auta. Ta ce ai ta san ina da babbar 'ya, na ce alli ya ƙare. Ban taɓa rubuta sunanki ba, ko a ƙasa da tsinke. In na karkata wani baƙi ki yi haƙuri, yau na fara.

Maimuna, ki je asibiti.

Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa abin ya zo da sauƙi na gaskiya. Allah ya tsare ki a hanya da masauki, ya raya miki takwarata, ya ba ku zaman lafiya da mijinki, ya sa in ga takardarki kafin in ga ragon layya. Mahaifinki da Goggo da ƙannenki suna gaishe ki, ko da yake ba su san na rubuta ba. Ki gaida Malam Isa. Wassalam.

Ni ce wadda kike ce wa Yaya,
uwarki.